Naman Jan Sa

Shekarun Jafaru ashirin da huɗu a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Shi ne ɗan fari, kuma a gidan Malam Shittu na Kwargaba kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yi masa magana baki da baki. Tun ranar da aka yaye Jafaru aka kai shi ɗakin kakarsa Uwaliya, can ya girma. In Malam Shittu yana da magana da shi, sai ya kira ƙanensa Mode ya ce, "Ka hwaɗa ma wancan kaza da kaza," ko da kuwa wancan ɗin yana tsugunne a gabansu. Amsa ma ta bakin Baffa Mode take komawa.

Ta wannan hanya aka sa shi makaranta. Ta nan kuma ya roƙa aka bar shi ya tafi jami'a a Sakkwato ya karanci likitancin dabbobi, kuma daga bakin Baffa Mode ya ji cewa mahaifinsa ya ce Allah ya ba da sa'a. Jafaru bai taɓa ganin aibun abin ba. Ya san ana son sa. Duk ƙarshen hutu sai ya tarar da buhun gero da ƙullin albasa ɗaure a bayan babur, ba kuma wanda zai ce ga wanda ya ɗaura.

Karatun na shekara shida ne, ya ci biyar. Ya koyi zura hannu har kafaɗa cikin saniya ya faɗi watannin cikinta. Ya yi tsayuwar sassafe a mahautar birni yana duba huhu da hanta, har warin wurin ya daina damun sa. Ya haddace cututtukan shanu da na tumaki da na raƙuma, da alamominsu, da magungunansu. Amma in ya dawo gida hutu, Uwaliya ba ta da abin kiran sa sai likitan jakkai.

"Maigidana likitan jakkai," in ji ta, "mutane na ciwo ka tahi koyon duba wutsiya. Ni da gwiwata wa za ya duba?"

"In kin yarda ke ma dabba ta, sai in duba ki."

"Ungo naka, mara kunya."

A wannan hutun damina ta sauka da ƙarfi bayan rani mai tsawo. Bara ruwan da aka saki daga madatsar Goronyo ya malale fadama, ya tone ƙasa ya juya ta, bana kuma ciyawa ta fito kore shar a wurin. Can ake kai shanun huɗar Malam Shittu guda biyu kiwo, jan sa da baƙin sa. Da su yake nome gonarsa, da su yake yi wa maƙwabta huɗa.

Ran Laraba da hantsi Jafaru ya leƙa turke ya ga jan sa tsaye, kai a ƙasa, bai taɓa dusar da aka zuba masa ba. Jikinsa na rawa kamar mai jin sanyi. Jafaru ya koma ɗaki ya ɗauko ma'aunin zafi ya sa masa ta dubura. Da ya zaro, ya ga zafin ya haura arba'in da biyu, ya kuma ga jini a jikin ma'aunin. Jinin baƙi ne kamar kwalta. Ya zagayo gaba, ya ga irinsa yana ɗiga daga hanci, yana sauka ƙasa, ba ya daskarewa.

Ya san wannan cuta. Mutanen gari suna ce mata saifa, a makaranta ana ce mata antiras, kuma a jarrabawar bara shi ya fi kowa maki a kanta. Malaminsu Dokta Bashir ya tsaya a gaban allo ya maimaita musu har sau uku: dabbar da ta nuna wannan jini ba a yanka ta, ba a feɗe ta, ba a jan ta a ƙasa. Rami mai zurfi ake haƙawa a binne ta yadda take. Ƙwayar cutar in ta sha iska sai ta yi ɓawo ta zauna cikin ƙasa shekara da shekaru. Wanda ya taɓa jinin da rauni a hannu ta shige shi, wanda ya ci naman ta shige shi.

Yana tsaye da ma'aunin a hannu sai ga Malam Shittu ya shigo, tare da Mainasara mahauci. Ashe tsohon ya riga shi ganin san tun da safe. Wuƙa na hannunsa. A Kwargaba ba a barin dabba ta mutu mushe matuƙar akwai wuƙa kusa. In ta kama hanyar mutuwa sai a yi bisimilla a yanka, a raba naman sadaka gida gida, mai dabba ya yi asara amma ya sami lada.

Jafaru ya cire takalmi ya tsugunna can gefe.

"Baba," ya ce. Muryarsa ta fito ƙasa ƙasa. "Baba, wanga sa..."

Malam Shittu ya mai da fuskarsa wajen katanga. Ya ce da Mainasara, "Ina Mode?"

"Ya tahi hwadama tun da asuba, shina dashen shinkahwa."

"To."

Jafaru ya juya wajen mahaucin. "Baba Mainasara, don Allah ka ce ma Baba kak a yanka shi. Saiha ta. Wanda duk yat taɓa jinin nan shina iya kamuwa."

Mainasara ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. "Kai ɗan nan! Ni mahauci za ka aika in hana yanka? Saiha muna cin ta tun ba a haihe ka ba. A hidda saihar a yas, nama shi kau lahiya lau. Ko cikin littahin naku an ce ma Musulmi ya bar sa ya mutu mushe shina kallo?"

Malam Shittu ya ji duk abin da aka faɗa, tunda taku uku ne tsakaninsu. Amma maganar ba ta bi ta bakin da ya kamata ba, saboda haka kamar ba a yi ta ba ce. Ya miƙa wa Mainasara wuƙar ya ce, "Wasa ta."

Jafaru ya dubi hannun mahaifinsa. Akwai tsagar da galma ta yi masa shekaranjiya a wuyan hannu, ba ta ko rufe ba. Ya ji a ransa ya kamata ya miƙe ya tsaya tsakanin mutanen nan da san, ya ɗaga murya. Ya yunƙura, sai jikinsa ya ƙi. Bai taɓa tsayawa tsaye a gaban mahaifinsa ba, bai san ta inda ake farawa ba. Abin da ya sani shi ne Baffa Mode. Ya kira wayarsa, ya ji tana ƙara a ɗakin Baffan, don ba ya shiga ruwa da ita.

Ya ruga wurin Uwaliya ya faɗa mata a gurguje. Ta dubi fuskarsa, ta ga ba wasa ciki.

"Tahi ka ɗauko Mode," ta ce. "Ni ka riƙe ubanka har ka dawo. Ni nih haihe shi."

Ya hau babur ya nufi fadama. Hanyar ta jiƙe, laka na riƙe taya, sau biyu yana sauka ya tura. Ya sami Baffa Mode cikin ruwa har gwiwa, da damin irin shinkafa a hannu. Kafin Baffan ya fahimci maganar, ya wanke ƙafa, ya nemo takalminsa, rana ta ɗaga sosai.

Tun daga bakin gari Jafaru ya ga mata da kwanoni a rufe suna fitowa daga lungunsu.

An gama. Jan sa ya faɗi bayan tafiyarsa kaɗan, ya fara shure-shure, kuma a wannan lokaci ba uwar da za ta iya riƙe hannun mai wuƙa. Uwaliya tana zaune a bakin ƙofarta, ta ƙi duban Jafaru. A turke jini ya malale baƙi ƙirin, ya ƙi bushewa, ƙasa na shan sa a hankali. An shimfiɗa fatar, an kasa nama a kanta kashi kashi, saura kaɗan. Malam Shittu na tsugunne, hannuwansa jina-jina har gwiwar hannu, yana nuna wa mata kason kowane gida.

"Likitan jakkai, zo ka gani," in ji Mainasara. Ya ɗaga saifar da hannu biyu. Ta kumbura ta yi kamar matashin kai, tana narkewa tsakanin yatsunsa. "Ka yi gaskiya, ita ta. Ga ta nan mun hidda, sai a ba karnuka."

"Kak ka ba karnuka," in ji Jafaru. Bai san lokacin da hawaye ya zubo masa ba.

Baffa Mode ya tsugunna kusa da wansa ya isar da saƙon duka, bai rage komai ba. Malam Shittu ya saurara har ƙarshe, yana goge wuƙa da ciyawa.

"Ka hwaɗa mashi na ji," ya ce. "An yi bisimilla, an yanka da rai, jini ya hita. Halal na. Abin da anka ba mutane kuma an ba su."

Jafaru ya koma bayan gida ya kira Dokta Bashir. Malamin ya ce zai sanar da hukuma, amma kafin su zo a tattara naman da fatar a binne, a kuma kai duk wanda ya taɓa ko ya ci asibiti a ba shi magani tun bai ji komai ba. Ya ce, "In aka fara da wuri, ba wuya. Kada ka bari a jira."

Bayan azahar Jafaru ya ɗauki buhu ya fara bin gidaje. Gida goma sha tara aka kai wa nama. Bai taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. Ya yi sallama, a fito, ya gaisa, sa'an nan ya buɗe baki ya ce a mayar masa da sadakar da ubansa ya bayar. Wasu suka miƙo kwanon, suka rufe ƙofa. Wasu suka rantse sun riga sun dafa, alhali yana ganin ɗanyen naman rataye a igiya. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Shittu na yat turo ka, ko kai ka son ka tozarta shi? Watanmu huɗu ba mu ga nama ba." Wani magidanci ya ce masa, "In ka kira muna gwamnati sunka hana mu kai bisashe kasuwa, kai za ka ci da mu?" A wani gida ya tarar ana gashi, ƙamshi ya cika tsakar gida, aka miƙo masa tsinke ɗaya aka ce ya taɓa.

Gida takwas suka mayar. Ya haɗa da kason gidansu da saifar, ya haƙa rami a bayan gari har ya kai masa ƙirji, ya zuba, ya bi da farar ƙasa, ya rufe. Fatar kuwa bai samu ba. Malam Shittu ya ɗauke ta da kansa ya kafe ta a rana da turaku a bayan ɗakinsa, inda ɗan fari ba ya zuwa.

Washegari ya je asibiti a Wurno ya yi bayani. Ma'aikacin lafiyar ya gane, ya ba shi ƙwayoyin magani, ya ce wanda ya ga ƙurji ko ya ji ciwon ciki a kawo shi ba tare da ɓata lokaci ba. Jafaru ya dawo ya sake bin gidaje. Yawanci suka ce lafiyarsu lau, mai lafiya ba ya shan magani. Uwaliya, wadda ta riga ta ci gasasshiyar hanta, ta karɓa ta haɗiye a gabansa.

"Ga shi na sha," ta ce. "In nim mutu dai kai kak kashe matarka." Ta so ya yi dariya, bai yi ba.

Mahaifiyarsa Fatsuma ita ma kunyarsa take ji, amma Uwaliya ta kai mata nata ta tsaya a kanta har ta sha. Saura mutum ɗaya. Jafaru ya ƙulle na mahaifinsa a takarda ya ba Baffa Mode, ya roƙe shi ya tsaya sai ya ga an haɗiye. Baffan ya shiga, bai daɗe ba ya fito.

"Ya sha?"

"Ya ce in aje."

"Baffa, ka gani da idonka?"

"Jahwaru, wana na hwa. Ƙaƙa za ni tsaya bisa kan wana in ce buɗe baki?"

Ran Asabar da la'asar Mainasara ya zo, ba ta zaure ba, ta ƙofar baya. Ya ja Jafaru gefe ya buɗe tafin hannunsa. A gindin babban yatsa akwai ƙurji mai ruwa, tsakiyarsa ta fara baƙi, gefensa ya kumbura.

"Likita," ya ce a hankali, "ɗan duba man wanga abu. Ba shi ciwo, ƙaiƙai ɗai shikai. Mi na na?"

Jafaru ya ɗora shi a babur ya kai shi Wurno a lokacin. Aka yi masa allura, aka ba shi magani, aka ce ya zo a kan kari. A hanyar dawowa mahaucin yana ta surutu don sanyin rai, Jafaru kuwa ba ya jin sa. Mainasara ba shi da rauni ko ɗaya a hannu ranar yankan, ga shi ta kama shi. Tunanin tsagar galmar nan ya hana shi sakat.

Ya sake aika Baffa Mode, ya ce a duba wuyan hannun dama. Amsa ta dawo cewa lafiya lau. Sai Jafaru ya koma gadin mahaifinsa daga nesa, kamar mai fakon ɓarawo. Ya lura tsohon ya daina sa 'yar shara, kullum cikin riga mai dogon hannu yake, ko a gona. Ya zauna inda zai hango shi lokacin alwala, don dole a naɗe hannun riga. Sai ya ga Malam Shittu ya ɗauki buta ya shige bayan ɗaki. A masallaci yana sahun gaba, Jafaru na can baya, ba abin da yake gani sai ƙeya. Ran Litinin ya lura cewa da hannun hagu tsohon ya ɗauki buta.

Ya je wa Uwaliya. Ta kira ɗanta ta ce ya nuna mata hannu. Ya ce mata ƙaya ce ta soke shi, ya sa magani, kada ta damu. Ta dawo ta faɗa wa Jafaru haka, ta ƙara da cewa, "Shittu ba shi yi man ƙarya." Jafaru ya zauna a bakin gadonta, littattafansa na jibge a gefe. Duk abin da zai faru da wannan hannu, kwana bayan kwana, yana rubuce a cikinsu, har da hotuna. Ya san shafin. Taku ashirin ne daga inda yake zuwa ɗakin mahaifinsa.

Ran Talata da safe baƙin sa ya faɗi. A turken nan aka ci gaba da ɗaure shi, kan ƙasar da ta sha jinin ɗan'uwansa. Jafaru ya taɓa kwance shi ya kai shi gindin darbejiya, kafin ya dawo daga masallaci an mayar da shi. Yanzu ga shi kwance yana numfashi sama sama, baƙin jini na bin hancinsa.

Wannan karon Mainasara bai zo ba. Malam Shittu ya fito shi kaɗai da wuƙa, yana tafiya a hankali. Baffa Mode na tsaye a wurin. Jafaru ya dube shi, Baffan ya sunkuyar da kai. Maƙwabta uku sun shigo don su taya riƙewa, mata na leƙe ta saman zana.

Malam Shittu ya tsugunna, ya sa gwiwa a kafaɗar san, ya ɗaga wuƙar.

Jafaru bai cire takalmi ba. Ya taka jinin, ya isa, ya kama wuyan hannun mahaifinsa da hannu biyu.

Wata mata ta ce, "La'ilaha," ta rufe baki. Wuƙar ta faɗi ƙasa tun bai murɗa ba, don yatsun ba su da ƙarfin riƙe ta. Hannun zafi rau kamar tukunyar da aka sauke. Jafaru ya tura hannun rigar sama, rigar ta ƙi wucewa, ya ja ta ta yage. A inda galma ta tsaga akwai baƙin ɓawo mai faɗin bakin kofi, an shafe shi da toka da man shanu. Kumburi ya tashi daga nan ya cika damtse, ya haye kafaɗa, ya fara cin gefen wuya. Fatar na ƙyalli.

Malam Shittu bai dube shi ba. Ya dubi ƙanensa, gumi na zuba daga goshinsa.

"Mode," ya ce, "ka ce mashi ya sake ni. Mutane na kallo."

"Ba ni sakin ka," in ji Jafaru. "Baba, ba ni sakin ka. Baffa, tada babur."

San ya mutu suna tsaye a kansa, ba wanda ya kula.

Suka sa tsohon a tsakiya, Baffa Mode na tuƙi, Jafaru na baya ya rungume shi. A Wurno ma'aikacin lafiyar ya duba, ya yi allura, ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce Sakkwato. Suka sami mota. Kafin su isa birni numfashin Malam Shittu ya fara ƙara kamar ana jan zarto, kumburin ya matse masa maƙogwaro. A babban asibiti likita ta buɗe hannun, ta tambayi kwana nawa. Baffa Mode ya ce bai sani ba. Jafaru ya ce shida da taɓa jinin, ƙurjin kuma ba zai gaza huɗu ba, ya faɗi sunan cutar, ya faɗi maganin da aka bayar ba a sha ba. Likitar ta ɗago ta dube shi.

"Kai ma'aikacin lafiya ne?"

"Ɗalibi. Likitancin dabbobi."

"To ka san da shekaranjiya ma kuka kawo shi, da magana ta bambanta. Cutar ta shiga jini. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Suka yi. Aka sa ƙarin ruwa, aka sa allurai, aka sa masa robar iska a hanci. Malam Shittu ya cika ran Laraba bayan azahar. Baffa Mode ne a kansa. Jafaru na tsaye a bakin ƙofar ɗakin, don da tsohon ya farfaɗo da hantsi ya gan shi kusa da gado, ya yi ta ƙoƙarin jan zane ya rufe ƙirjinsa, har sai da Jafaru ya fita sa'an nan ya natsu.

Kafin su ɗauki gawar, wata nas ta ba Jafaru safar hannu ta roba, ta ce wanda duk zai yi wanka ya sa, kada a taɓa raunin da hannu, tabarmar da tsummokin kuma a ƙone.

Suna hanya Dokta Bashir ya kira. Ya ce jami'ai za su zo Kwargaba ran Juma'a su yi wa shanu rigakafi. Bai san abin da ya faru ba tukuna, sai ya ƙara da cewa Jafaru ya riƙa rubuta komai dalla dalla, wannan zai yi masa aikin bincike mai kyau na shekarar ƙarshe. Jafaru ya ce to, ya kashe wayar.

Labari ya riga su isa. Mutane sun cika ƙofar gida, amma da aka sauko da gawar sai suka ja da baya. Tsohon da ke wankan gawa a unguwar ya aiko cewa ba shi da lafiya. Aka aika wa wani, aka ce ya tafi Rabah tun safe. Rana tana yin ƙasa, ga kabari an haƙa. Mutanen da suka ƙi mayar da nama yanzu suna jan rigar Jafaru suna tambaya ko da sauran magani, wani na nuna masa ƙurjin cizon sauro.

Baffa Mode ya same shi a zaure. Idanunsa sun yi ja.

"Babu mai zakuwa," ya ce. "Ni ɗai ba ni iya juya shi. Na san ɗan hwari ba shi wankan uba, amma ka taho."

Suka shiga bayan ɗakin, inda fatar jan sa take kafe har yanzu, ta bushe ta ƙandare. Aka kwantar da Malam Shittu a kan tabarma, an rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa. Jafaru ya ba Baffansa safar hannu, ya nuna masa yadda ake sawa, ya sa tasa. Baffa Mode ya ɗauki buta, ya ce shi zai zuba, Jafaru ya cuɗa, tunda shi ya san inda ba a taɓawa.

Suka fara da alwala. Jafaru ya wanke hannun dama a hankali, ya zagaye baƙin ɓawon, ya wanke na hagu. Da aka zo fuska sai ya tsaya. Bai taɓa ganin ta kusa haka ba. Akwai ɗan tabo a ƙarƙashin girar hagu wanda bai san da shi ba, gemun kuma ya fi yadda yake zato furfura. Ya ɗora tafinsa a goshin, ya shafo zuwa haɓa. Ta cikin robar ba ya jin komai, ko sanyin fatar.

Daga waje liman ya aiko a ce musu rana na faɗuwa.

"Wankin huska sau ukku na," in ji Baffa Mode, ya karkata butar. "Saura biyu."